Amsa ga 'yar'uwar da za ta bi maigidanta tuƙin tirela

Salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, cewa maigidanki direban tirela ne, yana so ki yi lasisi ku riƙa tafiyar nesa tare kuna karɓa-karɓa, kina son jin yadda zaman yake. Sai yanzu na samu sarari, muna layin sauke kaya. Ni da nawa maigidan shekara shida ke nan muna wannan aikin.

Abin da ba wanda ya gaya min kafin na shiga shi ne, kuna cikin mota ɗaya dare da rana amma ba ku cika ganin juna ba. In yana kan sitiyari ke kina baya kina barci, in kin karɓa shi ya kwanta, don ai dalilin da ya sa kamfani ke son direbobi biyu ke nan, mota ba ta tsayawa. Doka ma ta ƙayyade awannin tuƙi, a Amurka awa 11 sannan dole a huta awa 10, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma yawanci awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowane awa huɗu da rabi. To hirarku ta miji da mata a lokacin canjin hannu take, wani lokacin minti talatin kacal, kuma a ciki za ku zaga mota ku duba tayoyi da fitilu da iskar birki. Mu dai mun maida zagayen nan lokacinmu, shi yana bubbuga taya ni ina haska masa da tocila, a nan nake jin labarin abin da ya gani a hanya.

Barci kuwa shi ne babbar jarrabawa wallahi. Gadon yana bayan kujeru, labule ne kawai tsakani, mota na girgiza, in an zo gangara ya sa birkin inji sai ki ji ƙarar har cikin ƙirjinki. Watannina na farko ban yi barcin kirki ba, ina kwance ido a rufe amma ƙafata tana neman birki, duk kwanar da ya sha ina lissafawa. Ba hayaniyar ce ta hana ni ba, ban gama sakin jiki da tuƙinsa ba ne, alhali ya riga ni shiga harkar da shekaru. Shi ma daga baya ya faɗa min haka ya yi ta fama a lokacin da nake sabuwa. Sai kin yarda kin miƙa ranki a hannun Allah sannan a hannun mutumin da ke gaba, barci zai zo. Kuma don Allah ki riƙa ɗaura ragar gadon, wato ragar da ke tare mai barci kar ya faɗo, sau ɗaya ya taka birki da ƙarfi saboda wata ƙaramar mota ta yanko masa, da ba don ragar ba da na tsinci kaina kan giyar mota.

Shi ya sa muka kafa ƙa'ida, ba a yin faɗa mota na tafiya. Wanda ransa ya ɓaci ya ja labule, magana sai an faka. Tirela da lodi ta kusa tan 40, in tana gudun kilomita 100 a awa kafin ta tsaya sai ta wuce tsawon filin ƙwallo, wannan ba abin da za a riƙe da zuciya a tafashe ba ne. Haka gyangyaɗi, tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba ya fi kama mutum, in kin ji idonki ya fara nauyi ki tashe shi ko ki nemi wuri ki tsaya, kar ki ji kunyar wai zai ce kin gaza.

Wajen ribas ma, inda ɗaya ke sauka yana yi wa mai tuƙi jagora, ana samun saɓani sosai. Ku yi yarjejeniya kan alamun hannu tun kafin ku fita, kuma in ya daina hango ki a madubi ya tsaya cak.

A matsayinki na mace, banɗaki da wanka su za su fi damunki, ba ko'ina ake samun mai tsafta ba, musamman wuraren lodi inda za a iya shanya ku awa biyar kuna jira. Jakar wanka ta zama a haɗe kullum, da silifas da ruwa na ajiya. Kaya kuma ki rage, wurin bai kai ƙaramin ɗaki ba.

Maganar kuɗi ku gama ta a gida, ko asusu ɗaya ko kowa da nasa. In akwai yara ƙanana ni ban ba ki shawarar ki fara yanzu ba, mu sai da namu suka girma, kuma har yau in na kira su ta bidiyo na kashe waya sai na yi shiru na ɗan lokaci.

Kafin ki kashe kuɗin makarantar tuƙi, in kamfaninsa ya yarda ki bi shi a kujerar gefe na sati biyu ko uku, ki gwada kwanciya a baya mota na tafiya, ki ga ko barcin zai ɗauke ki. Ga shi an kira lambarmu, bari na sauka na tsaya masa ya yi ribas.