Rumbun Bayanai Ɗaya Tsakanin Windows da Ubuntu: In Tilasta Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin shagon yayana a Agege, a cikin manhajar rumbun bayanai ta MySQL, a laftof mai Windows 11 da Ubuntu (wani nau'in Linux). Na ajiye fayilolin rumbun a ɓangaren faifai na NTFS (tsarin ajiyar fayiloli na Windows) domin kowannensu ya yi aiki da su. Yanzu Ubuntu ya ƙi yin rubutu a wurin, MySQL ma ya ƙi tashi. Mai gyara ya ce in sa ntfsfix, manhajar Linux mai gyaran NTFS, in tilasta masa. Duk bashin da muke bin mutane yana ciki, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi wannan shawara tukuna. Ka koma Windows, ka tsayar da MySQL, ka kwafe fayilolin gaba ɗaya zuwa faifan waje, sannan ka sake kunna MySQL ka fitar da komai da mysqldump, manhajar da ke kwafe bayanan rumbun zuwa fayil.

Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan matsala, kuma tushenta ɗaya ne: mutane sun ɗauka cewa da sun danna kashewa, Windows ta mutu. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, tsarin Fast Startup, mai sa kwamfuta kunnuwa da sauri, kan adana halin da zuciyar manhajar take ciki a fayil ɗin hiberfil.sys, har da abin da ta sani game da faifan, domin in an kunna ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ubuntu ya ga alamar hakan ne shi ya sa ya janye hannu, kuma kare ka ya yi. Idan aka tilasta masa ya yi rubutu, Windows za ta farka da tsohuwar taswirar faifan, tana iya ɗora nata a kan naka ba tare da ko gargaɗi ba. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu gyara a kasuwa shi ne, burinsu saƙon kuskure ya ɓace su karɓi kuɗinsu, ɓarnar kuwa sai bayan makonni ta bayyana, ranar da aka nemi bashin wani aka rasa. Takardar bayanin ntfsfix kanta ta faɗa cewa shi ba madadin chkdsk, manhajar Windows mai gyaran faifai, ba ne. Maganin wannan ɓangaren shi ne ka rubuta powercfg /h off a Windows da izinin mai gudanarwa, domin a kashe Fast Startup.

Ko ka yi hakan ma, MySQL ba lallai ya tashi ba. Saitin lower_case_table_names, mai kula da manya da ƙananan haruffa a sunayen teburan rumbun, 1 ne a Windows, 0 ne a Linux, kuma tun daga MySQL 8.0 ba a sauya shi bayan an kafa rumbun. Ga kuma batun izinin fayiloli, da bambancin sigar da ke kowane ɓangare. SQLite, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, shi ne ke jure wannan zirga-zirga, muddin an rufe shi da kyau kafin a sauya.

A ganina rumbun ya zauna wuri ɗaya. Ka bar shi a Windows ka yi aikin Linux ɗinka ta WSL 2, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows, ko ka ɗora rumbun a wata ƙaramar kwamfuta a shago. Idan dole sai kowane ɓangare ya samu nasa, fayil ɗin mysqldump kaɗai za ka riƙa ajiyewa a NTFS kana lodawa. Da yadda wuta ke ɗaukewa a Legas, in batirin laftof ɗin ya gaji, ka riƙa fitar da kwafi kowace yamma kafin a rufe shago.