Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Ta Ɗage Tafiyar Ɗana Zuwa Dutsen Dusar Ƙanƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ɗana yana karatu a birnin Marakash na ƙasar Maroko, kuma sau biyu ke nan yana gaya mini cewa shi da abokansa za su je wani dutse da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai daga baya ya ce an ɗage tafiyar saboda hasashen yanayi. Da farko an ce dusar ba ta isa ba, a karo na biyu kuma an ce ta yi yawa. Ni manomi ne, na san hadari da sanyin hunturu, amma wannan ya ɗaure mini kai. Ta yaya ake sanin abin da zai zuba a kan dutse, kuma akwai haɗari ga yaron? Daga mai karatu a Kwatarkwashi, jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ga dukkan alamu wurin da ɗanka yake nufi shi ne Ukaimeden, wanda ke cikin duwatsun Atlas a kudu da Marakash, a tsayin kimanin mita 2,600 daga doron teku. Wannan tsayi ya zarce na Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, kuma a tsayin ne amsar tambayarka take. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska yana raguwa da kusan digiri shida da rabi, saboda haka ranar da ɗanka yake yawo da riga ɗaya a cikin gari, waɗanda ke kan dutsen suna cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa.

Dusar ƙanƙara daban take da ƙanƙarar da muka sani, wadda takan faɗo kamar tsakuwa da damina ta yayyage ganyen dawa. Ita dusar tururin ruwa ce da ya daskare a cikin gajimare ya zama 'yan ƙananan ɓarɓashi marasa nauyi, kuma ba ta isowa ƙasa da siffarta sai idan iskar da ta ratso tana da sanyi sosai. Shi ya sa abin da masu hasashe suke fara nema shi ne tsayin da sanyi yake kai wa digiri sifili, wato inda ruwa ke fara daskarewa, a wannan rana. Idan iyakar ta tsaya a mita 3,000, ruwan sama ne zai zuba a filin wasan ya narkar da 'yar dusar da ke kwance. Idan kuwa ta sauko zuwa mita 1,800, hadarin nan guda zai lulluɓe dutsen fari fat. Kuskuren digiri ɗaya tak yana iya matsar da wannan iyaka da mita 150, kuma wannan ya isa ya lalata tafiya. Ga shi kuma Maroko ta sha fari na shekaru a jere a baya-bayan nan, don haka ƙarancin dusa a can ba baƙon abu ba ne.

Hanyar hasashen ta yi kama da wadda hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, take bi kafin ta sanar da manoma ko za a yi ruwa a kwanaki masu zuwa. Ana tattara ma'aunai daga tashoshin ƙasa da taurarin ɗan'adam da kuma balan-balan masu ɗauke da na'ura, waɗanda ake saki sama sau biyu a rana a sassan duniya, sannan manyan kwamfutoci su lissafa inda iska da laima za su nufa. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai hedikwata a garin Reading na Ingila, takan maimaita lissafin kusan sau hamsin, kowane da ɗan bambanci a farkonsa, domin a ga ko sakamakon zai zo ɗaya. Amma dutse yana da nasa hali: yana tilasta wa iska mai laima ta hau sama ta zubar da abin da ta ɗauko a gefe ɗaya, ta sauko ɗaya gefen a bushe. A ganina hasashen kwana biyu ko uku abin dogaro ne, na mako biyu kuwa bai kamata mutum ya biya kuɗin mota a kansa ba.

Batun yawan dusa shi ne ya fi damuna, kuma a nan nake so ka ja kunnen yaron. Dusar da ke kan dutse ba guda ɗaya ba ce, hawa-hawa take, kowane hadari da nasa shimfiɗar. Wata takan sauko a bushe kamar garin gero, ko ka damƙe ta ba ta dunƙulewa, wata kuma a jiƙe take, tana dunƙulewa kamar fura. Idan rana ta narkar da saman tsohuwar dusa, dare ya daskarar da shi ya yi santsi, sannan sabuwa mai nauyi ta zuba a kai, to an sami irin abin da magini ya sani: yaɓen da aka yi a kan busasshiyar katanga ba tare da an jiƙa ta ba, wanda a ido yake da kyau amma bai kama ba, kuma rana ɗaya zai zame gaba ɗaya. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tayar da irin wannan zaftarewa a gangare. A watan Fabrairun 1999 dusar da ta zaftare ta hallaka mutum 31 a ƙauyen Galtur na ƙasar Ostiriya, da yawansu a cikin gidaje. Ƙasashen Turai suna auna wannan haɗari da matakai biyar, kuma abin lura shi ne mafi yawan masu wasan da ke rasa rai suna rasawa ne a mataki na uku, lokacin da mutane suke ganin abin bai kai ga tsoro ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan zubar dusa mai yawa, musamman idan iska ta kwashe ta ta jibge a gefe guda, shi ne lokaci mafi muni, kuma hanyar mota mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke hawa dutsen ma takan toshe.

Saboda haka, Alhaji, waɗanda suka ɗage tafiyar sau biyu sun yi daidai, kuma kada ka hana shi zuwa idan an buɗe wurin. Ka ce masa ya duba hasashen da aka fitar a daren tafiyar da kuma safiyarta, ya tsaya a cikin filin da aka shata wa masu koyo, kada ya bi abokai zuwa gangaren da babu alama. Ya sa tufafi hawa biyu ko uku da safar hannu, ya kuma nemi baƙin tabarau, domin hasken rana a kan farar dusa yana ƙona ido. Idan ya ji ciwon kai ko numfashinsa yana sama-sama, tsayin wurin ne, sai ya zauna ya sha ruwa, in bai lafa ba ya sauko.