Tambaya da amsa: Wa ya fara nazarin namun dawa a Nijar?

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Tawa: "Ina koyar da ilimin halittu. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko Turawa ne suka fara nazarin namun dawa da tsuntsaye a ƙasarmu, na rasa amsar da zan ba shi. Yaushe aka fara, kuma ina aka kwana?"

Malam, Allah ya saka da alheri, ka kuma gaishe mini da yaron. Idan rubutawa a takarda da ba dabba sunan Latin ake nufi, to Turawa ne suka fara. Idan sanin dabbar ake nufi, sun zo sun tarar da shi ne a hannun maharba da makiyaya da sarkawa.

Ɗauki shamuwa, wadda kowa a Adar ya sani. A 1823 aka ba ta sunan kimiyya a Jamus, aka laƙaba mata sunan wani gwamnan Turkawa da ke mulki a arewacin Sudan. Amma tun kafin nan manomi ya san in ta sauka a kan tsamiyar gari, lokacin gyaran gona ya yi. Ya san ba a taɓa ƙwanta. Maharbi kuwa yana duba sawu ya ce maka barewa ce ko gada, tafiya take ko gudu, da asuba ta wuce ko tun jiya. Wannan ma nazari ne, sai dai a ka yake, kuma in tsoho ya mutu yakan tafi da rabinsa.

Rubutaccen tarihin ya faro ne da matafiya. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya ƙetare kogi a Say a 1853, yana rubuta itatuwa da dabbobin da ya gani a hanya. Sai zamanin bindiga da akwati. Raƙumin dawanmu ma haka ya samu suna: a 1898 Oldfield Thomas ya siffanta shi a Landan daga ƙasusuwan wanda aka harbe kusa da Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ka ga iyakar inda dabbar take kaiwa a da ke nan. A 1920 Angus Buchanan, mutumin Sikotlan, ya taso daga Kano ya bi ta Damagaram har duwatsun Abzin, yana harbin tsuntsaye da ƙananan dabbobi, yana feɗe su, yana aika fatunsu gidan ajiyar Rothschild a Ingila. Har yau akwai tsuntsayen Abzin da ke ɗauke da sunansa a littattafan kimiyya. Waɗanda suka nuna masa rijiya, suka ɗora masa kaya a raƙumi, suka ce masa tsuntsu kaza a kwari kaza yake kwana, ba tsuntsu ko ɗaya da ya ci sunansu. Ban ce aikinsa banza ba ne, don da waɗannan fatu ake gwada abin da ya rage yau. Amma a gaya wa yara cewa ba shi kaɗai ya yi tafiyar ba.

Ta fannin tsirrai abin ya fi fitowa fili. Likita Dalziel ya wallafa jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma ba daga kansa ya ƙago gawo da sabara da kalgo da aduwa ba, bakin mutane ya bi.

Daga nan hukuma ta shigo. An buɗe reshen IFAN, cibiyar bincike ta Faransawa a Afirka, a Yamai a 1944, shi ne ya zama IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, daga baya. An mayar da dajin W gandun ƙasa a 1954, hekta 220,000, sunansa kuwa daga lanƙwasar kogi ne da ta yi kama da wannan harafi. Gadabeji ta biyo baya a 1955, gidan tarihi na Yamai da dabbobinsa a 1959, gandun Abzin da Tenere a 1988, na Termit da Tin Tumma a 2012. Shata iyaka a taswira dai bai hana komai ba: Gadabeji don mariri, wata babbar dabbar sahara mai dogayen ƙahoni, aka keɓe ta, amma fari da farauta da mota suka ƙarar da shi, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya.

Inda na fi so ka tsaya wa ɗalibanka shi ne Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya ba su wuce 50 ba, kuma duk a nan suke, ba cikin gandu ba, cikin gonakin mutane. A nan salon nazarin ya juya: aka ajiye bindiga aka ɗauki na'urar hoto. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa, kuma na dama dabam da na hagu, don haka ake ɗaukar kowanne ta ɓangare biyu a buɗe masa shafi. Na taɓa tsayawa da wani ɗan rakiya na ƙauyen da hantsi, ina ta juya kundin hotuna ina neman wata mace da ke cin ganyen ƙaya a gabanmu. Shi ko kallon kundin bai yi ba. Ya ce, "Wannan ai ita ce ta haihu bara, dubi tabon da ke gindin wuyanta." Da na kai shafin, haka ne. Da damina suna hawa tudun Kure, da rani su gangara Dallol Boso inda gawo ke da ganye, saboda gawo da damina yake zubar da nasa. A hanya sukan shiga wake su yi ɓarna, shi ya sa ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai da aka zauna da masu gonaki. Yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa Gadabeji.

To ina aka kwana? Yau akwai 'yan ƙasa masana a Jami'ar Abdu Mumuni da cikin ma'aikatan gandun daji, an kuma rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 500 a Nijar. Sai dai a ganina bincike ya karkata ga manyan dabbobi da gandaye, an bar karkarar da mutane ke zaune. Tabkin Tabalak, da ke kusa da ku a hanyar Abalak, yana cikin wuraren ruwa da duniya ta amince da muhimmancinsu, kuma tsuntsayen Turai na sauka a can lokacin sanyi. Amma bushiya da damo da zomo da fakara na bayan gari, wa yake bin sawunsu shekara da shekara?

Nan ɗalibanka za su iya shiga, ba sai da kuɗi ba. Ka ware littafi guda na aji. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, itacen da ta yi sheƙa, yawan sheƙunan, da ranar da ta tashi. Kowane abu da kwanan wata da sunan wuri, don gani marar kwanan wata hira ce kawai. Ka kuma tura kowane yaro wurin kakansa ya tambayo dabbobin da suka gani da ƙuruciya, da shekarar da suka daina ganinsu. Tsoho ba zai ce 1974 ba, zai ce shekarar yunwa kaza ko zamanin sarki wane. A rubuta yadda ya faɗa, kai ka nemo lissafin daga baya. Sunan dabbar ma a bar shi da Adaranci yadda ya fito daga bakinsa, na Faransanci ya biyo a gefe.