Laifin koci ko na 'yan wasa? Amsa daga wanda ya ga 28 da 3

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce tun daren Lahadin 28 ga Janairun 2024 da San Francisco ta fitar da ƙungiyarku Detroit da ci 34 da 31 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka (NFL) kai da yayanka ba ku daina musu ba: shi yana cewa kocinku Dan Campbell ne ya zubar da wasan saboda ya ƙi bugun maki 3 (a harba ƙwallo tsakanin sanduna) har sau biyu, kai kuma kana cewa 'yan wasa ne suka saki abin da aka damƙa musu a hannu. Ka nemi a raba muku gardama. Ban iya wucewa ban tanka ba, domin ni mai goyon bayan Atlanta Falcons ne, kuma mu ma an taɓa ƙwace mana nasara bayan mun yi nisa a gaba. Zafin da ke cinka yanzu na san shi ciki da waje. An tafi hutun rabin lokaci kuna da 24 suna da 7, zuciyarka ta riga ta isa Las Vegas, wurin wasan ƙarshe na Super Bowl na wannan shekarar, ƙungiyar da ba ta taɓa zuwa Super Bowl ba, wadda rabonta da kambun ƙasa tun 1957, saura ƙiris ta taka wurin, sannan aka ƙwace komai kana kallo. Allah ya ba ku haƙuri.

Abin da zan faɗa maka ba daga littafi na ɗauko shi ba. Ranar 5 ga Fabrairun 2017, a wasan Super Bowl a Houston, muna gaban New England da 28 da 3 a tsakiyar zango na uku. Mai jifanmu Matt Ryan ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan shekara kwana ɗaya kafin nan, mun ci maki 540 a kakar, babu ƙungiyar da ta kai mu, Robert Alford ya tare jifan Tom Brady na New England ya ruga yadi 82 ya kai gida. A ɗakin da muke kallo har an fara rungumar juna. Mutane suna yawan ambaton lambar 28 da 3, amma ni ba ita ce ke hana ni barci ba. Abin da ke dawo mini shi ne lokacin da ya rage minti 4 da daƙiƙa 40, muna da 28 suna da 20, Julio Jones ya miƙe a bakin layi ya cafe ƙwallon da ban taɓa ganin irinta ba, yatsun ƙafarsa biyu a cikin fili, ya ajiye mu a yadi na 22 na New England. Daga nan aikin da ya rage bai wuce a ruga da ƙwallo sau uku ba, ko da ba a samu taku ɗaya ba, a cinye agogo, a tilasta musu ƙone damarsu ta tsayar da shi, a kira Matt Bryant ya buga daga yadi 40 ko kusa da haka. Tazara ta koma maki 11, wasa ya mutu.

Me aka yi? Aka ba Devonta Freeman sau ɗaya, ya rasa yadi 1. A yunƙuri na biyu (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10) sai Kyle Shanahan, wanda ke tsara mana hari, ya kira jifa. Trey Flowers na New England ya kayar da Ryan, muka koma baya yadi 12. A na uku Mohamed Sanu ya kama, ya maido mu inda bugun zai yiwu, sai ga tutar alƙalin wasa a ƙasa, namu Jake Matthews ya yi laifin riƙo, aka sake mayar da mu baya yadi 10. Jifa na gaba bai shiga hannun kowa ba, muka buga musu ƙwallo. Brady ya taso daga yadi na 9 nasu ya tafi yadi 91, har da kamun nan na Julian Edelman da ƙwallon ta taɓa hannun Alford kafin ya tsince ta dab da ƙasa. James White ya shiga, Danny Amendola ya ƙara maki 2, aka yi 28 da 28. A ƙarin lokaci suka ci ƙuri'a, suka kai gida suka cinye wasan, Ryan bai sake taɓa ƙwallo ba. Har yau idan na tuna wannan kiran na yunƙuri na biyu sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ga Dan Quinn, babban koci, tsaye a gefen fili da abin magana a kunne, yana jin abin da ake kira, yana da ikon cewa a'a, a ruga da ita, bai hana ba. Washegari kuma aka sanar cewa Shanahan ya zama babban kocin San Francisco. Shi ya tafi sabon aiki, mu aka bar mu da dariyar duniya, kuma shi ne dai ya tsaya a ɗaya gefen a wasanku.

Akwai wani mutum da muka yi aiki tare a lokacin, ba zan kama sunansa ba. Ba ya goyon bayan New England, ba ya ma bin wasan sosai, amma ya mai da wannan rashin nasara abin tsokanata. A gaban mutane, a wurin cin abinci, ko ana zancen da bai shafi wasa ba, sai ya jefo lambar. Duk ranar 28 ga Maris, wato 28 ga wata na 3, sai ya turo mini saƙo. Na roƙe shi cikin mutunci ya bari, ya ce ai wasa ne kawai, me ya yi zafi. Wanda bai tashi da tsakar dare ya bi ƙungiya shekara da shekaru ba, bai ga yadda Denver ta doke mu a Super Bowl a Janairun 1999 sannan ya jira har 2017 ba, ba zai gane cewa abin da yake taɓawa ciwo ba ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ya san yana cutar da ni, kuma hakan ne ke ba shi daɗi. Na daina zama inda yake zama. Idan kana da irinsa a kusa, kada ka tsaya yi masa bayani, ka rufe saƙonninsa kawai, ba ka da bashin amsa a kansa.

To, ga abin da na fahimta bayan na sake kallon wasanmu da idon da ya huce. Laifin koci da na ɗan wasa ba iri ɗaya ba ne, kuma shi ya sa kai da yayanka kuke ta magana kowa bai ji ɗan'uwansa ba. Ɗan wasa yana kuskure ne a cikin ƙiftawar ido, da jiki a gajiye, da wani ƙato yana tahowa kansa. Koci yana yanke shawara ne a tsaye, da agogo a gabansa, da takarda a hannu, da mataimaka a sama suna faɗa masa lissafi. Saboda haka ni tambayar da nake yi ita ce: shawarar da ya yanke ta sa ɗan wasan a inda zai iya yin nasara, ko kuwa ta jefa shi cikin haɗarin da babu buƙatarsa? A wasanmu akwai kurakuran 'yan wasa, ba na ɓoye su. Freeman bai tare Dont'a Hightower ba a wancan yunƙuri na uku da ya rage yadi 1, har aka fizge ƙwallo daga hannun Ryan muna da 28 suna da 12. Ryan, da duk gogewarsa, ya kamata ya jefar da ƙwallo waje maimakon ya bari Flowers ya kayar da shi. Amma wa ya kira jifa mai zurfi ana neman yadi 1? Wa ya bari ana fara wasa da sauran daƙiƙu masu yawa a agogo alhali mu ne ke gaba? New England ta yi yunƙurin kai hari sau 93, mu 46, sun riƙe ƙwallo sama da minti 40. Masu tsaronmu ba lalacewa suka yi ba, ƙafafunsu ne suka ƙare, kuma waɗanda ya kamata su ba su hutu ta hanyar cin lokaci ba su yi ba.

Naku ba haka yake ba, kuma a nan na fi karkata gare ka. A yunƙuri na huɗu na farko, ana neman yadi 2 a yadi na 28 na San Francisco kuna da 24 suna da 10, tsarin ya yi aiki, Josh Reynolds ya samu sarari, ƙwallon mai jifanku Jared Goff ta taɓa hannunsa ta faɗi. Campbell ba zai shiga fili ya kama masa ba. Ba shi ne ya sa ƙwallo ta bugi hular mai tsaronku Kindle Vildor ta faɗa hannun Brandon Aiyuk na San Francisco har suka ci yadi 51 ba, ba shi ne ya saki ƙwallo daga hannun Jahmyr Gibbs a yunƙurinku na farko bayan nan ba, kuma Reynolds ya sake sakin wata a yunƙuri na uku. Masu cewa da an buga da an ci suna magana kamar maki 3 ɗin a aljihu suke, alhali bugu ne na sama da yadi 45 a fili marar rufi, ga Michael Badgley wanda sai a Disamba ya karɓi aikin. Sannan da wannan halin na rashin tsoro Campbell ya kawo ku inda kuka zo, da shi kuka ci Rams 24 da 23, nasararku ta farko a wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 1992. Ba adalci ba ne a yi masa tafi tun Satumba, sannan a ce masa ya zama wani mutum daban a ranar ƙarshe.

Amma ka faɗa wa yayanka cewa yana da gaskiya a wani wuri, sai dai ba inda yake nunawa ba. Yunƙuri na huɗu na biyu, kuna bin su 27 da 24 a zango na ƙarshe, ni da na buga na daidaita, domin a lokacin 'yan wasanku sun rikice kuma suna buƙatar abin da zai tsayar musu da zuciya, ko da yake wannan ana iya yin saɓani a kansa. Wanda ba na ganin akwai saɓani shi ne na ƙarshe: kuna bakin layin cin maki, ana binku maki 10, saura kusan minti ɗaya, kuna da damar tsayar da agogo sau uku, aka ba David Montgomery ya ruga, aka tare shi, dole kuka ƙone ɗaya. Da wannan aka rasa hanyar tsayar da San Francisco a karɓi ƙwallo, sai dogaro da gajeren bugun nan na neman sake kama ƙwallo bayan cin maki, wanda ba kasafai ake dacewa da shi ba. Wannan shawara ce ta wanda ke tsaye a gefen fili, kuma Campbell da kansa ya ɗauki nauyinta, ya ce kasada ya yi bai dace ba. Kocin da zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce ni ne, ba tare da ya tura yaransa gaba ba, ku riƙe shi da hannu biyu.

Ina roƙonka abu ɗaya, tunda kai ne ke ganin laifin 'yan wasa: kada ka shiga cikin masu bin Reynolds ko Gibbs da zagi a shafukansu. Ka tuna Brandon Bostick na Green Bay a Janairun 2015, wanda ƙwallon irin wannan gajeren bugu ta kuɓuce masa a Seattle. Kocinsa Mike McCarthy ya ga ƙungiyarsa a bakin layin cin maki sau biyu a zangon farko ya zaɓi bugun maki 3, amma shi yaron ne aka yi wa ruwan zagi da barazana, kuma wata guda bayan nan aka sallame shi. Ka lura, McCarthy an zarge shi da tsoro saboda ya buga, Campbell ana zarginsa da ganganci saboda bai buga ba. Yawancinmu sakamako muke hukuntawa, ba shawara ba. Laifi tudu ne, kuma mu da ke zaune a kan kujera ba mu taɓa jin nauyin ƙwallo a irin wannan lokaci ba.

Kada ka sake kallon wasan a wannan makon. Ka guji shirye-shiryen masu sharhi da ke ɗaga murya, abincinsu ke nan, su ba sa kwana da ciwon. Kuma don Allah kada ka bari wannan musu ya shiga tsakaninka da yayanka. Yana gaba da kai, ko ya ɗaga murya ka sassauta taka, domin abin da ke fitowa daga bakinsa baƙin ciki ne irin naka, bai samu inda zai ajiye shi ba sai a kan koci. Idan zukata sun huce, ku zauna tare ku kalli zango na uku kaɗai, kuna tsayar da hoton a kowane wasa, kowa ya faɗi wa ya yanke shawara kuma wa ya aiwatar. Za ku ga cewa cikin 'yan mintuna kaɗan abin ya juye, kuma hannaye da yawa ne a ciki.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa baɗi za ku dawo ba. An ruwaito Campbell ya faɗa wa 'yan wasansa cewa mai yiwuwa wannan ce kaɗai damarsu, kuma na san abin da yake tsoro, domin mu abin ya same mu. Mun koma wasannin sili-ɗaya-ƙwale a kakar da ta biyo, Philadelphia ta fitar da mu 15 da 10 a Janairun 2018, kuma tun daga nan ba mu sake shiga ba. An sallami Quinn a Oktoban 2020 bayan rashin nasara biyar a jere, Julio ya tafi Tennessee a 2021, Ryan ya tafi Indianapolis a 2022, babu ko ɗayansu da ya samu zoben zakarun Super Bowl da ya cancanta a Atlanta. Bambancinku da mu a farkon 2024 shi ne mai tsara muku hari a lokacin, Ben Johnson, ya ce zai zauna, ba kamar namu da ya tattara kayansa ba, sannan Penei Sewell da Amon-Ra St. Brown da Aidan Hutchinson da Sam LaPorta da shi kansa Gibbs duk matasa ne. Abin da ya kamata ku matsa a kai a wannan hutun shi ne masu tsaron baya, domin nan ne San Francisco ta yi ta samun ƙofa, kuma wannan aikin Brad Holmes ne, babban manajan ƙungiyar, a lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa a watan Afrilu.