Amsa ga mai shirin zuwa Meziko: abincin titi, kokawa da bikin matattu

Malam, na ga tambayarka cewa aiki zai kai ka birnin Meziko a ƙarshen Oktoba, kana son sanin abin da za ka ci a matsayinka na Musulmi da inda za ka je kallo. Na yi wata biyu a can, kuma daidai wannan lokacin ne.

Fara riƙe kalma biyu kafin ka sauka daga jirgi: "cerdo", wato alade, da "manteca", kitsensa. Naman nan da za ka ga an jera a tsinke a tsaye yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa, kamanninsa sak shawarma, domin 'yan Labanon da suka yi ƙaura can ne suka kawo salon. Sunansa "al pastor", kuma alade ne. Wannan mai sauƙin kaucewa ne. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne kitsen, don yana ɓuya cikin dafaffen wake da cikin "tamal", wani abu mai kama da alale amma na masara. Duk abin da zan saya sai na nuna shi na ce "manteca?" Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin tambayar ba. Akwai wata dattijuwa mai toya waina a bakin tashar jirgin ƙasa, ranar da ta gane dalilina ta goge gefen kaskonta tas, ta gasa mini wainar baƙar masara da cuku da furen kabewa. Kullum da safe wajenta nake karyawa har na baro garin.

Abin da za ka ci hankali kwance yana da yawa: "tako" na kifi (wainar masara ce da ake naɗe kifi a ciki), dafaffiyar masara da lemun tsami da barkono, mangwaro da yaji. Ka ga jan ruwa a babbar kwalba an rubuta "jamaica"? Zoɓo ne, wallahi, namu na gida. Na kusa da shi mai ruwan ƙasa kuma tsamiya. Har fara suna soyawa da gishiri da yaji, suna kiranta "chapulines". Ranar da na ɗanɗana ta sai da kewar Maiduguri ta kama ni.

Daren Juma'a ka je Arena México kallon kokawarsu. Ba irin tamu ba ce ta kayar da mutum a tashi; shiryayyen wasa ne, 'yan kokawa sanye da abin rufe fuska suna tsalle daga kan igiya, an raba su nagari da mugaye. Amma raunin da suke ji na gaske ne, kuma wanda aka cire wa abin rufe fuskarsa a karawar da aka yi sharaɗin wanda ya sha kaye zai cire nasa ya yi asarar da ba ta dawowa. Tsohuwar da ke gefena ta yi ihu har muryarta ta dushe. Filin Azteca, inda aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970 da 1986, shi ma ya cancanci zuwa, sai dai ka guji zama ƙasan masu shan giya, don in aka ci ƙwallo watsa ta suke yi.

Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba ne bikin matattu. Ba aƙidarmu ba ce, ban shiga ba, na dai tsaya daga gefe. Iyalai na share kaburburan 'yan'uwansu, su lulluɓe su da furanni ruwan lemo, su kunna kyandir, su kwana a nan. Na ga wani dattijo yana goge hoton matarsa da gefen rigarsa. In ka je, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Garin yana kan tudu mai tsayin mita 2,240, don haka kwana biyun farko ka rage sauri, hawa bene ma sai ka yi haki. Ruwan famfo kuma kada ka sha, ka sayi na gora. Allah ya kai ka lafiya.