Gadar katako mai rufi: me ake rasawa idan ta tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na ga hoton wata gada a Amurka mai rufi kamar dogon zaure, an ce ambaliya ta tafi da ita, mutanen garin suna ta jimami. Mene ne amfanin rufin? Kuma me suka rasa, tunda ta kankare ta fi ƙarfi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Katakon ake rufa wa asiri, mai wucewa albarkacinsa kawai yake ci. Kamar jinkar rumbu ce, cire ta ka dawo bayan damina biyu ka ga abin da ya rage. Ruwa da ƙanƙara kan shiga mahaɗar katako su kwanta, daga nan ruɓa ke farawa. Gadar da aka bari a fili da wuya ta wuce shekara 20, mai rufi kuwa takan haura 100.

A ƙarni na 19 Amurka ta gina irinsu fiye da 10,000. Yau ba su kai 1,000 ba, kuma jihar Pennsylvania ce ta fi yawa. Ƙarfe da kankare sun kori da yawa, saura kuma ambaliya, gobara, masu cinna wuta da gangan, da manyan motocin da ke cin karo da rufin.

Mai yiwuwa gadar Blenheim ta jihar New York ka gani. An gina ta a 1855, faɗin ruwa na ƙafa 210 ta tsallake babu ginshiƙi a tsakiya. Ambaliyar guguwar Irene ta share ta a Agustan 2011. An sake gina mai kama da ita, amma tun 2015 gwamnati ta cire ta daga jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa. A ganina gwamnati ta yi daidai, don sabuwar ba ta maye gurbin tsohuwar ba. Tsohon katako yana ɗauke da sawun gizago, da yadda kafinta ya sassaƙa mahaɗa ya buga mata turken itace. Nan mu injiniyoyi muke karanta dabarar mutanen da ba su da kwamfuta.

Haka ta faru a Lucerne ta Suwizalan. Gadar Kapellbrücke, ta ƙarni na 14, ta kama da wuta ranar 18 ga Agusta 1993. Kafin shekara ta zagayo an gyara ta an buɗe. Amma zane-zanen ƙarni na 17 da ke rataye a ƙarƙashin rufinta, wajen kashi biyu cikin uku sun ƙone, wasu allunan ma har yau suna nan baƙi ƙirin.