Ganye da jini: abin da za a rubuta kafin a miƙa wa baƙo

Tambaya: Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a wajajen Madarunfa. Wasu baƙi sun zo da sunan kamfani, suna son ganyen sabara da ɓawon marke, da bayanin yadda muke haɗa maganin zawo. Sun ce za su ba ƙungiya jika ɗari. Mu karɓa?

Hajiya, a dakata tukuna. Sabara ta cika daji, ba sai sun biya kowa ba kafin su tsinka. Abin da suka zo nema shi ne sanin da ke kanku: wane ganye, a wane lokaci ake ɗiba, da me ake haɗawa. Jika ɗari ladan ɗiba ce kawai.

Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Nagoya, wadda aka ƙulla a Japan a 2010, ta fara aiki a 2014. Ta ce sai da yardar masu ilimin tun kafin a ɗauka, bayan an yi musu cikakken bayani, kuma a yi sharuɗɗan rabon amfani a rubuce. Don haka ku fara neman takardar izininsu daga hukuma. Ku kai ta wurin ma'aikatan gandun daji da hukumar gari su duba. A Yamai hukumar CNEDD, wato majalisar ƙasa mai kula da muhalli, ce ke bin wannan batu. Wanda ya ce yana sauri, babu lokacin takarda, ku sallame shi.

A rubuta sunan kamfanin da adireshinsa, sunan kowane tsiro da nauyinsa, da aikin da za a yi da shi. A sa cewa ba za a miƙa wa wani kamfani ba, ba za a yi rajistar mallaka ba, sai an dawo wurinku. Kada a manta bayanan ƙwayoyin gado na tsiron, domin da zarar an karanta su an zuba a kwamfuta, ba a ƙara buƙatar ganyen. A karanta takardar da Hausa a gaban taro, ku riƙe kwafi.

Wurin kuɗin ne aka fi cutuwa. Mutanen San na kudancin Afirka sun yi yarjejeniya a 2003 kan tsiron hudiya mai kashe yunwa: kashi 6 cikin 100 na ladan mallaka, wato kuɗin da masu rajistar maganin za su riƙa samu. Maganin bai kai kasuwa ba, abin da ya shigo hannunsu kaɗan ne. A 2019, kan shayin ruibos, San da mutanen Khoi na Afirka ta Kudu suka ɗaura rabonsu a kan kuɗin da ake biyan manomi, kashi 1.5 cikin 100, wanda ke shigowa muddin ana ciniki. Ku nemi biya uku: na farko a hannu, na biyu idan gwaji ya yi nasara, na uku kaso daga ciniki. A zuba a asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku.

Tambaya: An ce za a ɗauki jininmu don bincike, a ba kowa kuɗin mota. Dokar ɗaya ce?

Malam, ba ɗaya ba ce. Nagoya ba ta shafi jinin ɗan Adam ba, takardar yardarka ce garkuwarka. Ƙabilar Habasufai ta Amurka ta ba wata jami'a jini wajen 1990 don binciken ciwon suga, aka yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalinsu. Sai a 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar da jinin. Ka nemi shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Ka tambayi wace cuta ake bincike, ina za a aje jinin, shekara nawa, ko za a fitar da shi waje. Idan akwai layin da ya ce “da duk wani bincike nan gaba”, kana da ikon ƙin sa. Yardar mai gari ba ta maye taka, kuma ƙin bayarwa ba ya hana a duba ka a asibiti.